Taƙi Biyar na Yaya

A warsharmu ba a ɗora tef na awo inda Yaya ya riga ya ɗora hannu. Ba wanda ya taɓa kafa wannan doka da baki, amma duk wanda ya yi aiki da mu ya san ta. Ni kuwa na fi kowa saninta, don ni ne ƙaninsa, kuma a cikin ma'aikatan da suka shigo suka fita ni kaɗai na rage.

Yaya ya ba ni shekara goma sha huɗu. Shi ya fara barin ƙauyenmu na Sudan ya zo Madina, ya koyi walda, ya buɗe 'yar warsharsa a unguwar masu sana'a, sannan ya aika aka kawo ni ina saurayi ko gemu ban tara ba. Shi ya koya mini riƙon ƙarfe, shi ya yi mini aure, shi ya sama mini ɗaki kusa da nasa a unguwar Jurf. Har yau da furfura a kaina, in yana tsaye ba na zama.

Abin da aka san Yaya da shi, awo ne da hannu. Taƙinsa, wato daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya in ya ware su, santi ashirin da biyu ne cif. A zo da ƙofa ko taga, sai ya bi ta da hannu kamar mai lallashin doki, ya zaro allin da ke bayan kunnensa ya yi 'yar alama, shi ke nan, a yanka. A da Larabawa har tsayawa suke su kawo tef ɗinsu don su kama shi, su ƙare da girgiza kai suna masha Allah. Shekara arba'in yana cin abinci da wannan hannun.

Sai sanyin ƙashi ya shiga yatsunsa. Bai shigo da hayaniya ba, a hankali ya riƙa lanƙwasa su, har taƙin ya ragu shi bai sani ba. Ni na fara ganewa, ranar da muka kai wata ƙofar gida can wajen Ƙiblatain ta ƙi cika gurbinta. Yaya ya ɗora wa maginin laifi, ya wanke shi tas a gaban mai gida, ya ce bangonsa ne karkatacce. Ni da na koma warsha na auna guntun da muka yanke, sai na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

Tun daga ranar na daina barcin rana. Da azahar kowa yana rufe shago ya tafi gida sai la'asar, don a lokacin ƙarfe ma ƙona hannu yake. Ni kuma sai in ce da Yaya zan tsaya in share wuri. In ya tafi, in ɗauko tef daga inda nake ɓoye shi, in bi duk alamar da ya yi da safe, in goge, in sake yin wata irin tasa a inda ya kamata. Shekara biyu ina wannan. Matata ta yi mita har ta gaji, ta koma rufe mini abinci ta kwanta abinta. Ni ma na gaji, wallahi, gajiyar da ko Juma'a ba ta sauke ta. Amma idonsa ya riga ya hana shi walda, bayansa ya hana shi ɗaukar nauyi. Awon nan kaɗai ya rage masa a warshar da ya gina, kuma na ƙudurta ba ni ne zan karɓe masa shi ba.

Ana nan sai ɗan ƙanwarmu ya zo da nasa aikin. Shi a nan aka haife shi, ubansa cikin jikokin alhazan da suka zauna tun da daɗewa, yana aikin ofis, yana da mata da 'ya'ya uku a Aziziya. Hausa yana jin ta sarai, har zagi, amma in ka yi masa magana da Larabci zai ba ka amsa. Kawu ma ya fi ƙarfin harshensa, Khali yake ce mana. To shi ne ya je ya sayo karafan na hannu, gida sukutum a kan taya, da gado da kicin da banɗaki, wai in sanyi ya shigo zai riƙa kwasar iyalinsa su kwana a daji. Na ce masa kakanninsa sun yi shekaru suna taka ƙasa da ƙafa suna neman inda za su sami rufi, shi ya sami rufi ya koma neman daji. Ya yi dariya ya ce haka ake yi yanzu.

Karafan ɗin ba irin wanda ake maƙalawa a gindin mota ba ne. Gabansa yana da wuya mai tsawo da ke hawowa saman bayan a-kori-kura, wanet kamar yadda ake ce mata a nan. A ƙarƙashin wuyan akwai wani gajeren turken ƙarfe mai kauri. A cikin bayan motar kuma sai a kafa wani faffaɗan ƙarfe mai baki, irin wanda ke bayan kan tirela, direbobi suna ce masa siniya. In aka yi baya da mota, turken ya shiga bakin, bakin ya cije shi. Siniyar tana zama a kan dogayen ƙarafa biyu da ake gittawa a daɓen motar, a huda daɓen, a ɗaure su da noti har jikin shasi.

Duk wannan aikin ƙarfi ne kawai, sai abu ɗaya. Dole bakin siniyar ya zauna daidai saman ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ko ya ɗan wuce gaba kaɗan. In ya koma baya, nauyin karafan zai danne gindin motar ya ɗage mata kai, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka hau babban titi, babbar mota ta wuce ka da iskarta, karafan ya fara kaɗa gindi, daga nan shi ke tuƙa ka, ba kai ke tuƙa shi ba. Na taɓa ganin wanda hakan ta faru da shi a hanyar Yanbu, ban kuma so in sake gani ba.

An jawo karafan ɗin tun ana gobe za mu yi aikin aka ajiye a filin da ke gefenmu. Da safe ɗan ƙanwarmu ya iso da motar, da siniyar a cikin kwalinta, da wata takarda mai hotuna da Turanci. Yaya ya juya takardar sau biyu, ya ninke ta, ya koma yin fifita da ita.

Ni na shiga ƙarƙashin mota. A can kam an yarda in yi amfani da tef, don Yaya ya daɗe da daina kwanciya a ƙasa. Na auna daga bakin bayan motar zuwa tsakiyar ƙarfen tayoyi, na ɗaga murya na ce ɗari da goma.

"Taƙi biyar ke nan," in ji Yaya.

Ina kwance ina jin tafiyar hannunsa a kan daɓen, daidai saman fuskata. Ɗaya, biyu, har biyar. Sai ƙarar alli. Na rufe ido, don ko ban gani ba na san inda alamar ta faɗa. Da na fito na leƙa, tana nan inda na zata, ta gaza da kamar faɗin tafin hannu, kuma ta ɓangaren baya, ɓangaren da ba a so.

Ban damu sosai ba da farko. Alli ne, ana goge shi. Na ce bakin na'urar huda ya dakushe, a bari sai la'asar in wasa shi. A kullum Yaya yakan ce to, don huda da yanka ya daɗe da bar mini. Amma ranar ɗan ƙanwarmu yana tsaye da waya a hannu yana ɗaukar hoto mai motsi, yana ta faɗa wa wayar cewa ga Khalinsa da ba ya buƙatar mitar awo. Sai na ga Yaya ya gyara hula. Ya ce in miƙo na'urar, bakinta lafiya lau yake. Ya durƙusa da kyar, ya kama ta da hannu biyu, ya danna da duk nauyinsa, gumi yana ɗiga daga gemunsa, har ta ɓulla. Ya ɗago yana haki yana murmushi, irin murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Da zai yi ta biyu aka kira sallah, ban taɓa jin daɗin muryar ladan kamar ranar ba.

Bayan azahar ɗan ƙanwarmu ya ɗauke shi a tasi ya kai shi gida. Na ce zan tsaya in wasa bakin na'ura.

Na ja ƙofar warsha rabi, na hau bayan motar. Daɓen ya ɗauki zafi har sai da na shimfiɗa kwalin siniyar na durƙusa a kai. Na ɗora tef. Ɗari cif, goma sun tafi. Na zauna ina kallon ramin nan, ɗan ƙarami, ko ɗan yatsana ba zai shiga ba, sai raina ya ɓaci. Na yi fushi da Yaya, Allah ya yafe mini, na faɗa masa maganganu a zuciyata waɗanda ko a mafarki ban isa in faɗa ba. Na yi fushi da yaron nan da wayarsa da gidansa mai taya. Na yi fushi da kaina, mutum mai jikoki yana laɓe-laɓe da tef kamar ɓarawo a shagon da ya yi shekara talatin a ciki. Magana ɗaya ce fa, Yaya hannunka ya ragu. Na gwada faɗarta a fili, ni kaɗai a warsha, ta ƙi fita daidai.

Sai na yi abin da na saba. Na goge allinsa da gefen rigata, na auna ɗari da goma, na ƙara ɗan kaɗan gaba, na ja layi. Na gitta ƙarafan biyu, na auna su kusurwa da kusurwa don kada ɗaya ya karkace, na leƙa ƙasa na tabbata ba zan huda tankin mai ko wayar birki ba, sannan na huda ramukan duka. Ramin Yaya kuwa na sa masa ɗan guntun ƙarfe ta ƙasa, na cike shi da walda, na goge da dutse har ya yi sumul, na fesa baƙin fenti, na ɗebo ƙura na watsa a kai na murza da takalmi. Da na gama na ja baya na duba, ni kaina sai da na nemi wurin. Na sha ruwan da ya riga ya zama shayi a gora, na jingina da taya, kafin in lumshe ido aka kira la'asar.

Suka dawo tare. Yaya ya ga ramuka a huje, ya ce madalla, na rage mana aiki. Muka ɗora ƙarafan, ya hau ya durƙusa yana zura notina ta sama, ni na koma ƙasa ina haɗa su da maɗauran shasi. Aiki yana tafiya, yana ƙwanƙwasa mini in ya zura ɗaya, ina amsawa in na kama. Can sai ƙwanƙwasar ta tsaya.

Na ji tafin hannunsa yana shafa daɓen a wuri ɗaya, a hankali, yana komawa yana dawowa. Sai kuma na ji hannun ya koma can bakin motar ya fara tafiya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya tsaya. Ya sake komawa ya fara daga farko. Na dakata da sifana a hannu. Na jira ya kira ni. Bai kira ba. Da ya yi magana, cewa ya yi in ɗaure, rana tana tafiya.

Na ɗaure. Na bi notin nan ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, sai da kafaɗata ta amsa. Mu uku muka ciccibi siniyar muka ɗora ta a kan ƙarafan, muka zura ƙusoshinta huɗu, muka shafa mata giris. Ɗan ƙanwarmu ya shiga mota ya fara baya zuwa wuyan karafan, Yaya yana gefe yana yi masa nuni. Sau uku yana kaucewa, Yaya yana ce masa da Hausa ya karya hagu, shi yana amsawa da Larabci yana karya dama. A na huɗu turken ya hau siniya ya zame ya shiga, bakin ya rufe ƙas. Na leƙa da fitila na ga ya cije sosai, na sa makullinsa, na haɗa wayar birki da ta fitilu. Muka ɗage ƙafafun karafan kaɗan, na ce ya ja a hankali mu gani. Ya riƙe. Muka ɗage su gaba ɗaya, ya zagaya filin sau biyu, ya karya kwana har ƙarshe, wuyan bai kusanci gilashin baya ba. Motar ta zauna daram, kanta bai ɗaga ba.

Yaron ya sauko yana ta murna. Ya sumbaci Yaya a ka, ya ce hannun Khali ya fi kowace mita a Madina, zai tura hoton ga dangi har Sudan su gani. Ya nemi ya kama hannun ya nuna wa wayar. Yaya ya mai da hannayensa baya ya haɗe su, ya ce masa ya tafi a hankali, kada ya yi gudu da yara a mota.

Da suka tafi na shiga tattara kaya, ina yi ina kauce wa inda yake. Ya zauna a kan bencinsa na bakin ƙofa. Rana ta yi sanyi, maƙwabta sun fara jan ƙofofinsu.

"Ba ni tef," ya ce.

Shekara talatin ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba. Na fara lalube-lalube kamar ban san inda yake ba. Ya ce yana bayan gwangwanin giris, inda nake ajiye shi. Na ɗauko na ba shi. Ya ja shi a kan benci, ya ɗora babban yatsa a farkonsa, ya ware hannun iya ƙarfinsa. Ya sunkuya sosai don ya ga lambar. Ya daɗe a sunkuye.

"Tun yaushe?"

Na ce ban gane ba.

"Kada ka mai da ni yaro. Waldarka ko a cikin duhu na shafa na san ta, ni na koya maka. Tun yaushe?"

Na ce tun ƙofar Ƙiblatain.

Ya yi lissafi. Ya ce ashe maginin nan ba shi da laifi. Na ce ba shi da shi. Ya gyaɗa kai. Ni kuma na tsaya ina jiran ɗaya cikin biyu, ko ya yi mini faɗa don na taɓa alamarsa, ko ya ce Allah ya yi mini albarka. Na shirya wa kowanne. A gaskiya na fi sa rai da na biyun, don ina ganin na biya kuɗinsa da barcina na shekara biyu.

"Da yau zazzaɓi ya kama ka fa?" ya ce. "Da ka tafi gida da azahar, ni na ƙarasa hudar?"

Na sunkuyar da kai ina murza tsumma, shi ya ci gaba.

"'Ya'ya uku yaron nan zai sa a motar. Ka ji kunyata, ka bar ransu a kan ko za ka yi barcin rana ko ba za ka yi ba."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Na tsaya da tsumma a hannu, sannan na zauna a ƙasa a gabansa ba tare da ya ce in zauna ba. Ni da nake ganin rufa masa asiri nake yi, ban taɓa tambayar kaina ranar da ba na nan wa zai goge allin ba.

Ya saki tef ɗin ya naɗe kansa. Ya kai hannu bayan kunne ya zaro allin, ɗan guntu ne, ya kama hannuna ya sa mini a tafi, ya rufe yatsuna a kai da nasa yatsun da ba sa miƙewa. Sannan ya tambaye ni ko na san inda maginin nan yake aiki yanzu. Na ce zan bincika. Ya ce in bincika kafin Juma'a, kuma ni zan kai shi.

Na kai shi. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, a mota na jira.

Yanzu da azahar ina rufe warsha in tafi gida kamar kowa. Abinci da zafinsa, matata ta daina mita. Ina kwanciya, fanka tana juyawa, amma sau da yawa idona biyu har la'asar. Yaya yana zuwa kullum da safe, ya zauna a bencinsa, ya sha shayi, ya gaisa da masu wucewa. In tsohon mai ciniki ya zo da ƙofa ko taga ya ajiye a gabansa yana jira ya ga hannun nan ya fara tafiya, sai Yaya ya tura hannayensa cikin aljihu, ya nuna ni da haɓa, ya ce a kai wa ƙaninsa, shi ke awo.